Darasi na Bakwai: Waya, Baƙin Hali da Rufin Asiri

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana halaye huɗu da masana suka kira baƙaƙen halaye, da yadda kowanne ke fitowa a kafofin sada zumunta;
2. bambance abin da za a iya sakewa a waya da abin da ya kamata a bari a ciki;
3. gane take-taken mai neman cutar da shi;
4. sanin matakin da zai ɗauka idan ɓarna ta riga ta auku.

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan gargajiya ya san aikin zaure. Baƙo ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a nan, maigida ya fito su gana. Ɗan'uwa na jini ya wuce har tsakar gida. Ɗakin uwargida kuwa, sai wanda ya isa. Magabata sun tsara gida haka ne domin sun san mutane iri-iri ne, kuma kowa da inda ya kamata ƙafarsa ta tsaya.

Wayar hannu ta zo mana da gida marar zaure. An buɗe Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010, daga baya TikTok ta biyo. Cikin 'yan shekaru, hoton da a da sai an zo gida an zauna kafin a ciro shi daga akwati a nuna maka, ya koma abin da dubban mutane ke kallo kafin amarya ta cire lalle. Alherin waɗannan kafofi a fili yake. Mai atamfa a Kantin Kwari yana ciniki da mutumin Maraɗi ba tare da ya rufe shago ba, uwa tana ganin jikokinta na Kumasi, ɗalibi yana bin karatun malami daga nesa. Sai dai ƙofar da masoyi ya shigo ta nan mugu ke shigowa, kuma a waya fuskarsu ɗaya.

Wannan darasi zai duba abu biyu da ke tafiya tare: halin da ke sa mu buɗe ƙofa fiye da kima, da halin waɗanda ke jiran a buɗe.

Halaye uku da na huɗunsu

A shekarar 2002, wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Jami'ar British Columbia da ke Kanada, Delroy Paulhus da Kevin Williams, suka haɗa wasu halaye uku wuri guda, suka kira su baƙaƙen halaye. Kamar duwatsun murhu suke: kowanne da mazauninsa, amma tukunya ɗaya suke ɗauke da ita, wato ƙarancin tausayi da ɗaukar mutane a matsayin kayan aiki.

Na farko shi ne jiji-da-kai. Mai wannan hali yana ganin ya fi kowa, yana jin yabo haƙƙinsa ne, kuma ƙishirwarsa ta a kalle shi ba ta yankewa. Turawa sun samo sunan halin daga wata tatsuniyar Girkawa, ta wani saurayi mai suna Narsisus da ya ga fuskarsa a ruwa, ya kamu da son ta, ya kasa tashi daga bakin ruwan har ajalinsa. Malamanmu sun daɗe suna gargaɗi a kan 'yan'uwan wannan hali, wato ujubu da riya da girman kai.

Na biyu shi ne makirci. An ɗauko sunansa na Turai daga Makiyabeli, ɗan birnin Fulorens na Italiya, wanda wajen 1513 ya rubuta littafin nasiha ga masu mulki, inda ya nuna cewa yaudara na iya zama makamin riƙe sarauta. Makiri yana da haƙuri da dogon lissafi. Yana sauraro fiye da yadda yake magana, yana tara abin da ya ji, yana jiran ranar amfaninsa. Shi ne wanda Bahaushe ya kira Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Na uku shi ne ƙeƙasar zuciya. Mai ita ba ya jin zafin da wani ke ji, ba ya nadama, ga gaggawa da son kasada. Abin da ransa ya raya masa yanzu shi zai aikata, ko wa zai kwana ciki.

Bayan shekaru, masana suka ƙara na huɗu, wato ƙeta: jin daɗin ganin wani cikin wahala. Makiri yana cuta don ya samu riba. Maƙetaci kuwa cutar ita ce ribarsa.

A kula da abu ɗaya. Masana ba su raba mutane gida biyu, masu hali da marasa shi ba. Awo suke yi, kamar yadda ake awon tsayi: wani nasa kaɗan ne, wani matsakaici, wani ya yi yawa. Kusan kowa yana da ɗan rabonsa na son a yabe shi. Saboda haka wannan darasi madubi ne kafin ya zama fitilar haska wasu, kuma bai ba kowa izinin laƙaba wa maƙwabcinsa ciwon hali ba.

Abin da bincike ya gano

A 2008, Laura Buffardi da Keith Campbell na Jami'ar Jojiya a Amurka suka auna halayen wasu ɗalibai, sannan suka duba shafukansu na Facebook. Suka tarar waɗanda jiji-da-kansu ya yi yawa sun fi tara abokai, sun fi tallata kansu, sun fi zaɓen hoton da zai ɗauki ido. Har ma baƙin da aka nuna wa shafukan, waɗanda ba su taɓa ganin masu su ba, sun iya hasashen halin daga abin da suka gani.

A 2015, Jesse Fox da Margaret Rooney na Jami'ar Jihar Ohayo suka yi nazari a kan maza 800. Jiji-da-kai da ƙeƙasar zuciya duka sun tafi tare da yawan saka hoton ɗauki-da-kanka. Bambancin shi ne, mai jiji-da-kai yakan tsaya ya gyara hoton kafin ya saka, shi kuwa mai ƙeƙasar zuciya ba a ga haka tattare da shi ba, abin da ya dace da halinsa na gaggawa.

A 2014 kuma, Erin Buckels da abokan aikinta a Kanada suka bincika masu tsokana da cin mutunci a intanet, waɗanda ke shiga ƙarƙashin maganar mutum su yi ta zagi don a hasala. Cikin halayen nan huɗu, ƙeta ce ta fi manne musu. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa mayar musu da martani ke ƙara musu ƙaimi: ɓacin ranka shi ne abin da suka zo nema.

An yi waɗannan nazarce-nazarce ne a Amurka da Kanada, kuma abin da suka nuna shi ne rinjaye a cikin taron mutane, ba hukunci a kan mutum ɗaya ba. Mai saka hoto kullum yana iya zama ɗan kasuwa, ko mai kewar 'yan'uwa, ko mai fara'a kawai. Darasin da za mu ɗauka shi ne, kafofin nan suna saka wa mai nuna kai da yabo nan take, suna kuma ba mai mugun nufi wurin fakewa.

Me ya sa waya ke cire kunya?

Wani masani Ba'amurke, John Suler, ya yi bayani a 2004 kan dalilin da ya sa mutum ke faɗin abin da ba zai iya faɗa ido da ido ba idan ya hau intanet. Daga cikin dalilan akwai ɓoye suna, da rashin ganin fuskar wanda ake yi wa magana, da damar jefa magana a tafi ba tare da jiran amsa ba.

Mu da muka san darajar kunya mun fi kowa fahimtar wannan. A zaure, idan ka fara sakin baki, fuskar dattijo kaɗai ta isa ta tsayar da kai. Labarin zuciya a tambayi fuska, to a waya babu fuskar da za a tambaya. Wannan rashi yana aiki ta fuska biyu. Yana sa mai ƙeta ya zage ka ba tare da ya ga hawayenka ba. Yana kuma sa kai kanka, cikin dare, kana kwance kai kaɗai, ka zayyana wa wanda ba ka taɓa gani ba matsalar aurenka, da bashin da ake bin ka, da rashin lafiyar da ko ɗan'uwanka bai sani ba. Makiri ya san wannan sarai. Yakan fara ba ka wani asiri nasa, na gaskiya ko na ƙarya, domin ya san mutumin kirki yana jin nauyin a buɗe masa ciki shi ya rufe nasa.

Mene ne bayanan sirri?

Bayanan sirri su ne duk abin da za a iya gane ka da shi, ko a iso gare ka, ko a shiga dukiyarka. Za mu kasa su uku, bisa tsarin gida.

*Na zaure:* sunan sana'arka, kayan da kake sayarwa, lambar wayar kasuwanci. Waɗannan don a sani aka yi su.

*Na tsakar gida:* hotunan iyali, unguwarku da fasalin ƙofar gidanku, makarantar yara, ranar haihuwa, lokacin tafiya da dawowa, sabuwar mota ko fili. Na 'yan'uwa ne da aminai.

*Na ƙuryar ɗaki:* lambar sirrin katin banki, lambar da banki ke turowa ta tes, lambobin BVN da NIN, hoton fasfo ko katin ɗan ƙasa, takardun asibiti, hoton da bai kamata wani ya gani ba, da abin da ke tsakanin miji da mata.

Haɗarin na tsakar gida shi ne, kowane ɗaya shi kaɗai kamar ba komai ba ne. Ranar Litinin ka saka hoton ɗanka cikin kayan makaranta, bajen makarantar ya fito. Ranar Laraba ka saka hoton mota a ƙofar gida, lambarta da launin get sun fito. Ranar Juma'a ka rubuta cewa ka tashi zuwa Umara, sai bayan mako biyu. Kai ka manta da na Litinin, amma mai tarawa bai manta ba. Ya san inda yaro yake, ya san gidan, ya san maigida ba ya nan.

Na'ura ma tana irin wannan tari, kuma ta fi mutum iyawa. A 2015, masana daga jami'o'in Kambirij da Stanford suka gwada kwamfuta da abubuwan da mutane suka danna wa alamar so a Facebook. Da alama 10, hasashenta na halin mutum ya fi na abokin aikinsa. Da 70 ta wuce abokinsa, da 150 ta wuce ɗan gidansu, da 300 kuwa ta kamo matarsa ko mijinta. A 2018 duniya ta ga inda irin wannan ilimi zai iya kaiwa, lokacin da asirin kamfanin Cambridge Analytica ya tonu. Mutum kusan 270,000 ne suka amsa tambayoyin wata manhajar gwajin hali, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan abokansu, har adadin ya kai kusan mutum miliyan 87, aka kuma yi amfani da irin waɗannan bayanai a harkar tallan siyasa. A 2019 hukumomin Amurka suka ci tarar Facebook dala biliyan 5. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su danna komai ba. Abokinsu ne ya danna.

Gani ga wane

A watan Oktoban 2016, 'yan fashi suka shiga masaukin tauraruwar talabijin ta Amurka, Kim Kardashian, a birnin Faris, suka ɗaure ta, suka tafi da kayan ado na miliyoyin daloli. Cikinsu har da zoben da ta nuna wa duniya a shafinta kwanaki kaɗan kafin nan. Mace ce mai masu gadi da dukiya, amma hotunanta sun riga sun faɗi abin da take da shi da garin da take.

Ramon Abbas, ɗan Najeriya da aka fi sani da Hushpuppi, ya tara mabiya sama da miliyan 2 a Instagram da hotunan motoci da jiragen haya da tufafi masu tsada. An kama shi a Dubai a watan Yunin 2020, kuma a Nuwamban 2022 wata kotu a Los Anjeles ta ɗaure shi shekara 11 da wata 3 kan safarar kuɗin damfara. Masu bincike sun yi amfani da abin da ya saka da hannunsa, har da hotunan bikin ranar haihuwarsa, wajen tabbatar da ko wane ne shi. Akwai darasi biyu a nan. Baki shi ke yanka wuya. Sannan matasan da suka raina sana'ar iyayensu saboda kallon waɗannan hotuna, dukiyar wasu suke kallo ba su sani ba.

A 2012, wasu samari suka ƙulla abota da wata ɗaliba ta Facebook. Suka ɗauki watanni suna hira da ita har ta saki jiki, sannan suka gayyace ta Legas da sunan harkar kasuwanci. A wani otal suka yi mata fashi suka kashe ta. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Daɗewa ana hira da mutum a waya ba sanin sa ba ne.

Akwai kuma damfarar tona asiri. Mutum ya buɗe shafi da hoton budurwa, ya ja saurayi da hira har ya turo hoton tsiraicinsa, nan take murya ta sauya: ko kuɗi, ko a tura wa iyaye da abokai. A watan Yulin 2024, kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke da alaƙa da wannan ta'asa. A shekarar ce kuma wata kotu a jihar Mishigan ta Amurka ta ɗaure wasu 'yan Najeriya biyu, wa da ƙani, shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani yaro ɗan shekara 17 da suka matsa wa ya hallaka kansa. Duk wanda ya ji ana kiran irin wannan aiki wayo ko neman na kai, ya tuna da wannan yaro da iyayensa.

Karatu: Goggo da 'yar ɗan'uwanta

Ga misali na abin da ke faruwa kullum. A karanta shi da murya, mutum biyu su raba.

*Goggo:* Zo nan, 'yar nan, duba mini wayar nan. Wani bawan Allah ne ya kira, wai daga zauren WhatsApp na Islamiyyarmu. Ya ce za a yi taro ta waya da daddare, an turo mini lamba shida, in karanta masa ya sa sunana.

*'Ya:* Goggo, kin ba shi?

*Goggo:* Ban ba shi ba tukuna, tabarau nake nema. Amma ya san ni. Ya ambaci sunana, har ya yi mini barka da bikin yayanku.

*'Ya:* Goggo, ai kwana uku kina saka hotunan bikin a kan sitatus ɗinki, kuma lambarki tana cikin zaure mai mutum ɗari biyu. Wannan lamba shida mukullin WhatsApp ɗinki ce. Da kin karanta masa, da yanzu ya fitar da ke ya shiga da sunanki.

*Goggo:* Subhanallahi! To me zai yi da sunana?

*'Ya:* Zai bi mutanenki ɗaya bayan ɗaya, ya ce kina asibiti, a taimaka miki da dubu ashirin zuwa gobe. Wa zai ƙi ki, Goggo?

*Goggo:* Allah ya yi miki albarka. Yadda ya iya gaisuwa, wallahi na ɗauka ɗan mutunci ne.

*'Ya:* Amin, Goggo. Bari in kira malamarku mu ji ko akwai taron, sannan in sa miki mukulli na biyu.

A lura da kayan aikin wannan mutum: ladabi, da ɗan bayanin da ya tsinta, da gaggawa. Bai fasa waya ba. Amanar Goggo ya nemi fasawa.

Alamun kura da fatar akuya

Ba a gane baƙin hali daga hoto, amma ana gane shi daga tafiyar hulɗa. A yi hattara da wanda:

1. ya cika yabo da nuna ƙauna tun ba a je ko'ina ba;
2. yake yawan tambaya game da kai, amma nasa labarin ba ya tsayawa wuri ɗaya;
3. kullum yana da uzurin da zai hana a gan shi ko a san danginsa;
4. yake cewa kada ka gaya wa kowa;
5. yake ɗora maka gaggawa, wai yanzu-yanzu ko dama ta wuce;
6. yake fushi ko ya ɗora maka laifi idan ka ce a'a.

Ta ƙarshen nan ita ce babbar jarrabawa. Mutumin kirki yana karɓar a'a. Wanda ya ɗauke ka kayan aiki ba ya iya jure ta.

Gina wa waya zaure

1. Shiga saitin kowace manhaja ka zaɓi waɗanda za su ga hotonka da sitatus ɗinka. WhatsApp da Facebook duka suna ba da wannan dama, Instagram da TikTok kuma ana iya mayar da shafi na sirri.
2. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ita ce mukulli na biyu da aka ambata a karatu.
3. Kada shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka su zama lambar sirrinka.
4. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirrin kati ko lambar da ya turo maka. Wanda ya nema, kashe wayar ka je reshe da ƙafarka.
5. Idan ɗan'uwa ya nemi kuɗi ta saƙo, kira shi ka ji muryarsa, ka kuma tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.
6. Labarin tafiya, a ba da shi bayan an dawo.
7. Kada a saka hoton tikiti, fasfo, takardar fili ko alat na banki.
8. Kafin a sayar da waya ko a ba mai gyara, a cire layi da katin ajiya, a kwashe abin da bai kamata a gani ba.
9. Haɗuwa ta farko da wanda aka sani ta waya, a yi ta cikin jama'a, da rakiya, da sanin na gida.
10. Idan rai ya ɓaci, a ajiye waya sai an huce. Magana zarar bunu ce, kuma ko ka goge, wani ya riga ya ɗauki hotonta.

Idan ɓarna ta auku

Wanda aka yi wa barazanar tona asiri kada ya biya, domin biya na farko shi ke kiran na biyu. Ya adana saƙonnin a matsayin hujja, ya toshe mai barazanar, ya kai ƙararsa ga manhajar, ya gaya wa wani babba da ya amince da shi, sannan a sanar da 'yan sanda. Wanda aka cire wa kuɗi ya garzaya banki a rufe katin. Wanda aka ƙwace wa shafi ya sanar da mutanensa ta wata hanya tun kafin a damfare su.

Doka tana bayan wanda aka zalunta. Najeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumar da ke kula da ita. Nijar ta yi dokar kare bayanai a 2017 da ta laifukan intanet a 2019, Ghana kuwa tun 2012 take da tata dokar kare bayanai.

Ga iyaye kuma: idan yaro ko yarinya suka zo da irin wannan labari, a fara da rungumar su, faɗa ya biyo baya. Mai barazana da tsoron iyaye yake cin kasuwarsa. Ranar da yaro ya tabbata gida zai karɓe shi, ranar makamin ya karye.

Asirin wani amana ne

Sau da yawa mu ne masu buɗe ƙofar wasu. Mukan ɗauki hoton marar lafiya a gadon asibiti, ko gawar wanda ya yi hatsari tun iyalinsa ba su ji ba, ko fuskar maraya yana karɓar sadaka. Mukan tura hirar da aka yi da mu cikin amana. Idan bidiyon abin kunyar wata ya fito, mukan ce Allah ya kyauta, sannan mu tura wa na gaba. Maƙetaci mutum ɗaya ne, amma da hannun mutanen kirki dubu yake yaɗa aikinsa. Suratul Hujurati ta hana izgili da bin diddigin asirin mutane da giba, ta kuma yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi. Waɗannan hukunce-hukunce ba su sauya ba don magana ta koma ta yatsa.

Saboda haka kafin ka saka abu, yi wa kanka tambaya uku. Don me nake so a ga wannan? Wa zai iya cutuwa da shi, ni ko wani? Zan iya faɗin sa a zauren gidanmu, gaban mahaifina da surukina?

Muhimman kalmomi

*Jiji-da-kai:* ganin fifikon kai da ƙishirwar yabo.
*Makirci:* sarrafa mutane da dabara don biyan buƙata.
*Ƙeƙasar zuciya:* rashin tausayi da nadama, tare da gaggawa.
*Ƙeta:* jin daɗin wahalar wani.
*Bayanan sirri:* abin da za a gane mutum da shi, ko a iso gare shi ko dukiyarsa.

Tambayoyi

1. Kawo baƙaƙen halaye huɗu, ka bayyana bambancin makirci da ƙeta.
2. Me ya sa bai dace a ce duk mai yawan saka hoto yana da jiji-da-kai ba?
3. A karatun Goggo, daga ina mai kiran ya samo bayanansa?
4. Wane darasi labarin Cambridge Analytica ya koyar game da haƙƙin abokai?
5. Me ya kamata uba ya fara yi idan aka yi wa ɗansa barazanar tona asiri?

Aikin aji da na gida

A rabu uku-uku. Kowane rukuni ya zana gida mai zaure da tsakar gida da ɗaki, ya rubuta bayanai biyar a kowane sashe, sannan a tattauna inda aka saɓa. A gida kuma, kowa ya duba abubuwa goma na ƙarshe da ya saka a waya da idon baƙo, ya rubuta abin da baƙon zai sani game da shi. Wanda bai iya shiga saiti ba ya zo da wayarsa darasi na gaba a yi tare.

Kammalawa

Idan Bahaushe ya ɗaga hannu yana addu'a, da wuya ya sauke bai roƙi rufin asiri ba. Abin da muke roƙo da baki, bai kamata mu yaye shi da yatsa ba. Ba mu da iko a kan halin wanda ke ɗaya gefen waya, hali zanen dutse ne, amma muna da iko a kan abin da muke miƙa masa. Ya kai ɗalibi, ya ke ɗaliba, kada a kwana yau ba a sa wa waya mukulli na biyu ba, kuma a koya wa mutum ɗaya a gida abin da aka koya a nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.